Tsanin Shuka: Daga Tukunyar Fulawa Zuwa Bangon Ɗaki

Darasinmu na wannan mako a kan wani abu ne da ake jefawa a murhu ko a bola da zarar shuka ta bushe, wato sandunan da ake ɗaurewa don shuka mai yaɗo ta hau. Wasu na ce masa rumfa, amma rumfa babba ce. Wanda nake nufi ƙarami ne, irin wanda ake kafawa a tukunyar fulawa a falo ko baranda, ko a jingina shi da bango a tsakar gida. Ni zan kira shi tsanin shuka, tunda da tsani ya yi kama, kuma hawansa ake yi.

Akwai tsire-tsiren da jikinsu ba shi da ƙarfin tsayuwa, ga shi kuma sai da hasken rana ganye ke haɗa abinci. Dole su nemi abin hawa, kuma kowa da dabararsa. Soso da duma da kabewa da gurji dangi ɗaya ne. Suna fitar da wani siririn zare mai laluben abin kamawa, in ya samu sai ya nannaɗe shi tam. Doya kuwa jikinta take naɗewa a sanda. Ita kuma fulawar nan mai ganye kamar zuciya, kore da ratsin rawaya, wadda ake sawa a kwalba da ruwa, ƙananan saiwoyi take fitarwa a gaɓoɓinta ta manne da su. In ba a ba ta tsani ba bango za ta kama, ran da aka janye ta kuma sai ta taho da fentin. Saboda irin waɗannan masu hawa ake yin tsanin da mahaɗa da yawa. To, duk inda sanda biyu suka gitta juna, wurin rataye abu ne. Ka ga ke nan maratayi ne da an riga an gama haɗa shi.

Kafin a kai shi ɗaki sai an bincike shi, kuma a ganina nan ne muhimmin wurin. Shimfiɗa farar takarda a ƙasa, ka riƙe tsanin a samanta, ka bubbuga shi da ɗan icce. In ka ga wani abu kamar garin tuwo yana zuba, ko ka ga ƙananan huji kamar na allura a jikinsa, to akwai ƙwaro mai cin icce a ciki. Wannan bai dace da ɗaki ba, don ƙwarin za su iya komawa kan gado ko kujera. A bar wa murhu shi. In babu gari, sai ka duba ƙafafunsa, wato wurin da ya daɗe a binne. Nan ne laima ke ruɓar da shi, kuma ta nan gara ke shiga, don daga ƙasa take zuwa. Yanke kamar santimita 10 daga kowace ƙafa. Daga nan a wanke shi da ruwa da sabulu, a cire busassun zaren shuka, a shanya shi a rana kwana 2 ko 3 har ya bushe ƙamas. Kada a shafa fenti a icce mai laima, zai ɓare.

In na ƙarfe ne ko na waya, matsalarsa tsatsa ce. Ƙarfe na yin tsatsa idan ruwa da iska suka haɗu a kansa, shi ya sa fenti ke hana ta. A goge da samfefa, a lanƙwashe duk wani tsini. Wanda ya ji rauni ya faɗa wa babba nan take. Mutane na cewa tsatsa ce ke kawo tetanas, cutar da ke sa haƙora su sarƙe, amma ƙwayar cutar a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama, kuma wannan ƙarfen daga ƙasa aka tsige shi.

Yanzu ga inda darasin lissafi ya shigo. Yawancin tsanin shuka gida-gida ne masu kusurwa huɗu. Lokacin da yake tukunya, ƙasa ce ke riƙe da ƙafafunsa. Da an tsige shi sai ya fara rangaji, ya karkace. Gwada wannan a aji: ɗauki kara guda 4, ka ɗaure bakunansu da zare su zama murabba'i, ka tura kusurwa ɗaya da yatsa. Zai kwanta nan da nan. To ɗauko kara na biyar, ka gitta shi daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ka ɗaure. Sake turawa. Ba zai motsa ba, domin murabba'in ya zama alwatika biyu, ita kuwa alwatika ba ta sauya siffa sai in ɗaya daga cikin ɓangarorinta ya karye ko ya lanƙwashe. Ku ɗaga kai ku dubi katakon da ke riƙe da kwanon aji, in ajinku ba shi da silin, ko dogon ƙarfen sabis na waya. Duk alwatika ne. Sanda ɗaya tak da aka gitta a bayan tsanin ta isa ta daidaita shi. In gora ce kada a buga mata ƙusa, tsagewa take yi. A ɗaure da igiyar rama ko siririyar waya.

Batun ado ba shi da wuya. Wasu na son fenti mai launi, ni dai na fi son gora ko kara da launinsu na asali, sai a naɗe mahaɗan da zaren saƙa ja ko shuɗi. Iyayenmu mata sun daɗe suna jera faifai a bango, suna rataye ƙwarya a ragaya, don haka abin ba baƙo ba ne. A tsani mai faɗin santimita 60 da tsawon 90 za a iya rataye faifai biyu ko uku, da ludayin duma, da ɗan madubi, da carbi, da mabuɗan gida. A ɗakin ɗalibi kuma sai a maƙala jadawalin darasi da katin sakamako da abin maƙale shanya, ba tare da an ɓata bango da gam ba. Ko wannan allon namu na bango zai iya samun irinsa a gefe, don gajerun sanarwa.

A kula da nauyi. Kara ba ya ɗaukar jakar makaranta. Abu mai ɗan nauyi a sa shi kusa da inda aka rataye tsanin, marar nauyi a ƙasa. A buga ƙusa biyu maimakon ɗaya don kada ya riƙa juyawa, kuma babba ne zai buga, saboda wayar lantarki na bi ta cikin bango, musamman a saitin soket da makunni. Kada ya taɓa ƙasa, kada kuma ya zama inda ƙannenmu za su iya janyo shi. Busasshen kara da gora ba su da wuyar kama wuta, saboda haka a nisanta shi da kyandir da aci-bal-bal da maganin sauro na kunnawa. Da hunturu ƙura na taruwa a mahaɗansa, sai a riƙa kakkaɓe shi da busasshen tsumma duk mako.

Wanda ke son mayar da shi tukunya in damina ta dawo, kada ya shafa masa fenti mai santsi sosai, don zaren soso ya fi kama sanda mai kaushi.