Aikatau Mai Rakiya a Fassara: Ma'ana da Amfanin "Wear Off"

Daga cikin abubuwan da ke wahalar da mai fassara daga Ingilishi zuwa Hausa akwai aikatau mai rakiya, wato aikatau da ke tafiya da wata 'yar ƙaramar kalma, su haɗu su ba da sabuwar ma'ana. "Wear off" misali ne mai kyau. Ɗalibin da ya san "wear" da ma'anar sa tufafi kawai, ya kuma san "off" da ma'anar cirewa, zai iya fassara shi da tuɓewa. Wannan kuwa kuskure ne babba. Ma'anar ta samo asali ne daga ɗaya ma'anar "wear", wato cinyewar abu saboda yawan gogayya. Don haka "wear off" na nufin gushewar abu sannu a hankali, shi da kansa, har a neme shi a rasa.

Hausa ba ta da kalma ɗaya tak da za ta ɗauke wannan nauyi. Abin da ya gushe shi ke zaɓar aikatau. Idan lalle ne a hannun amarya, koɗewa yake yi. Rubutun jikin tsohon kwabo gogewa yake yi, ɗokin sabon abu kuwa sai a ce ya dushe. Abin lura shi ne koɗe da goge da dushe duk 'yan giredi na 4 ne a rabon da F. W. Parsons ya yi wa aikatan Hausa a 1960, giredin da ke nuna cikar aiki. Aikin da "off" ke yi a Ingilishi, wasalin ƙarshe ke yin kusan irinsa a Hausa.

A asibiti ne lamarin ya fi nauyi. Idan likita ya ce "The injection will wear off by evening", abin da Bahaushe zai ce shi ne allurar za ta sake shi zuwa yamma. Tafintan da ya kasa isar da wannan ya bar majiyyaci cikin fargaba, domin zai ɗauka dawowar zafin alama ce ta aikin ya ɓaci.

A wannan ma'ana aikatau ɗin ƙi-karɓau ne, kuma shuɗaɗɗen lokacinsa "wore off" ne, ba "weared off" da ɗalibai kan rubuta ba. Wajibi ne malami ya raba shi da "wear out", wanda ke nufin tsufan abu saboda yawan amfani, kamar takalmin da ƙasansa ya cinye.