Amsoshin Tambayoyinku: Ƙudurin Sabuwar Shekara da Rage Maiƙo a Girki

Wata mai sauraro daga cikin birnin Kano ta nemi sanin yadda za ta cika ƙudurin da ta ɗauka a farkon shekara na motsa jiki da rage maiƙo a girkinta.

Maiƙo, wato mai da kitsen da ke cikin abinci, ya fi sauran sinadaran abinci ba da kuzari, domin kowane giram ɗaya nasa yana ɗauke da kalori 9, alhali na sitacin hatsi yana da 4 kacal, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu a yini. A girkin Kanawa, ƙosai da fanke da awara su ne suka fi shan man gyaɗa, don haka gyara mafi sauƙi shi ne a maye gurbinsu wasu ranakun da alala ko dambun zogale, waɗanda turara su ake yi, sannan a riƙa auna man miya da cokali maimakon tsiyaya shi daga kwalba. Man shanun da ake zubawa a kan tuwo, duk da ƙamshinsa, ya fi dacewa da ranar baƙi.

Hukumar ta kuma ƙayyade aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato wanda ke sa numfashi ya ƙaru amma bai hana magana ba, kuma tafiyar sauri daga Ƙofar Mata zuwa Kasuwar Kurmi da dawowa, ko hawan Dutsen Dala da sanyin safiya, suna cikin wannan lissafi.