Goga Aska a Fata: Yadda Ake Koyo da Fatar da Ta Dace

Wanda ya sayi aska, ko ya gaji ta mahaifinsa, yakan ɗauka dutse ne kaɗai ke riƙe mata kaifi. Da ta fara jan gashi sai ya kai ta dutse, kafin a jima ƙarfen ya zaizaye, askar ta zama siririya. Dutse cin ƙarfe yake yi, don haka ba a kai masa aska sai ta dasashe sosai, wataƙila bayan watanni. Abin da take buƙata kafin kowane aski shi ne a goga ta a fata.

Dalili kuwa, bakin aska ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, kuma aski ɗaya ya isa ya taɓa shi. A 2020 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun nuna cewa gashi, duk da ƙarfe ya ninka shi tauri kusan sau 50, yana iya ɓantarar bakin reza idan ya lanƙwasa yayin yanka. Fata ba ta mayar da abin da ya ɓantare. Aikinta shi ne miƙar da bakin da ya ɗan karkace, ta share datti da tsatsar da ido bai gani, ta bar shi sumul. Shi ya sa za ka ga tsohon wanzami yana shafa aska a tafin hannunsa kafin ya ɗora ta a kan mutum. Kai dai sabon shiga, kada ka gwada wannan tukuna.

Ga yadda ake yi. Rataye fatar a ƙusa mai ƙarfi daidai ƙugunka, ka ja ɗaya ƙarshen da hannun hagu har ta miƙe sosai. Idan ta saki, za ta naɗo ta rufe bakin askar, ta dakusar da shi. Kwantar da askar gaba ɗaya, bayanta da bakinta duka suna taɓa fatar. Kaurin bayan nan ba ado ba ne, maƙeri ya auna shi ne don ya tsayar da kusurwar kaifin, muddin yana kwance ba sai ka yi wani lissafi ba. Sai ka ja askar, bayanta a gaba, bakin yana biye. A dutse baki ke yin gaba, a fata kuwa baya ne, wanda ya juya lamarin zai tsaga fatarsa a ja na farko.

Wurin juyawa ne aka fi yin ɓarna. Idan ka kai ƙarshe, kada ka ɗaga askar. Mirgina ta da babban yatsa da manuniya, ta juya a kan bayanta, bakin ya tashi sama ya sauko ɗaya gefen. Kuma kada bakin ya sauka sai hannunka ya riga ya fara dawowa. Mai gaggawa yakan sauke bakin alhali hannun bai gama tafiyar farko ba, nan take ka ji "kyat", ka duba ka ga tsaga. Ni a ganina, wanda ya ƙware a wannan mirginawa ya gama koyon rabin aikin, saboda haka ya dace ka yi kwanaki kana gwada ta da askar da ba ta da kaifi, ko wuƙar cin abinci, a kan tsohon wandon jins da ka shimfiɗa a gefen tebur.

Kada ka danna. Nauyin askar ya wadatar. Kuma ka bar saurin nan na gwanaye, hannunsu ya shekara yana yi. Je ka dawo sau 40 zuwa 50, a natse. Idan askar ta fi fatar faɗi, ja ta a karkace yadda duk bakin, daga gindi zuwa tsini, zai samu rabonsa. Saurara da kunne kuma: idan ƙarar tafiya ta bambanta da ta dawowa, gefe ɗaya ba ya kwanciya daidai.

Sai zaɓen fata. Masu ƙera aska a Solingen ta Jamus da Thiers ta Faransa suna sayar da nasu fatun, akwai kuma fatar doki mai tsada da kamfanin Horween na Chicago ke jemewa, wadda masu sha'awar abin ke yabo ƙwarai. Ba na ba mai koyo shawarar ya fara da ɗaya daga cikinsu ba, domin fatar farko sai ta sha yanka. Mu kuwa Allah ya hore mana majema. Fatar da aka jeme da bagaruwa, irin wadda aka san Kano da Sakkwato da ita, tana cikin jimar itatuwa da ake so a wannan aiki. Je wurin baduku ka nemi ƙirgi mai kauri, faɗin santimita 6 zuwa 7, tsawon kamar 50. Shafa shi da yatsa a wajen gashi, wato gefen mai santsi. Idan ka ji tabo, ko ƙulli, ko shatar lalas, ajiye shi ka ɗauki wani. Guji fatar da aka yi wa fenti mai ƙyalli ko aka buga wa zane, haka nan bel ɗin wando mai ɗinki a gefe.

Fatar jar akuya tana da laushi da kyau, amma ba ta da kaurin da za a rataye ta a ja. Manna ta da gam a kan katako mai sumul. Irin wannan ma ta fi sauƙi ga mai koyo, tunda katako ba ya saki.

Wasu sukan haɗa da yadi mai kauri na auduga ko lilin, su fara goga askar a kansa sau 15 zuwa 20 don ya kwashe datti kafin a je fata. Yana da amfani, amma ba dole ba ne. Akwai kuma koren sinadarin nan na goge ƙarfe, chromium oxide, da ake shafawa a fata. Shi yana ɗan cin ƙarfe, don haka ware masa tasa fatar daban, ka yi amfani da shi sau 5 zuwa 10 kawai idan askar ta fara ja, sannan ka goge ta tsaf kafin ta koma fatar kullum.

Hunturu na busar da fata har ta tsattsage, damina kuma ta sa mata fumfuna. Murza ta da tafin hannu kullum, maiƙon jiki ya ishe ta. Idan ta bushe ƙwarai, ɗan man kaɗanya kamar ƙwayar gero, a murza sosai a bar ta ta kwana. Mai da yawa yana sa ta danƙo. Kada ka naɗe ta, rataye ta a inuwa. Ƙaramar tsaga a goge da samfefa mai laushi, a share ƙurar tas, babba kuma a manne ta da gam.

Akwai abin da nake roƙon wanzamai musamman. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini, fata kuma ba ta tafasuwa, ba ta wankuwa. Askar da ta taɓa jikin mutum kada ta hau fata sai an wanke ta, an kashe ƙwayoyin cuta, ta bushe. Bayan gugar ma a sake tsabtace ta kafin ta hau kan wani. Wanda ba zai iya kiyaye wannan ba tsakanin mutum da mutum, ya koma ga askar da ake sa wa sabuwar reza, kowa da tasa. Ita wannan ba a goga ta a fata, cire rezar ake yi a jefar inda yara ba za su tsinta ba.