Tsila: daga naman shanu zuwa cikin mutum

Makiyaya da manoma na ƙasar Damagaram, yau darasinmu kan tsila ne, macijin ciki mai faɗi da ake ɗauka daga naman shanun da bai dahu ba.

Yadda ta ke yawo

Mai tsila in ya yi bahaya a makiyaya ko bakin tabki, ƙwanta na zuba a ciyawa, ya yi watanni bai mutu ba. Saniya ta kiwata a wurin, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ya shiga tsoka. Cikin wata 3 ya zama ƴan ƙwayoyi farare kamar shinkafa, galibi a zuciya, harshe da naman muƙamuƙi. Wanda ya ci naman da sauran ja, bayan wata 2 zuwa 3 tsila ta girma cikin hanjinsa. Tsawonta na kai mita 5, wani lokaci 10.

Alamu

Guntaye farare masu motsi cikin bahaya ko cikin wando, murɗar ciki, tashin zuciya, rama. Wani kuwa ba ya jin komi, amma yana ta baza ƙwan.

Magani

A tafi likita, CSI mafi kusa ko babban asibitin Zinder, a faɗi abin da aka gani, kada a ji kunya. Maganinta praziquantel ko niclosamide, sha ɗaya ne. Malamin likita ke auna shi bisa nauyin mutum. Mai ciki da mai shayarwa su sanar da shi tun farko. Kada a sha maganin tsutsar bisashe, ba na mutane ba ne.

In kan tsilar bai mutu ba, sai ta sake toho. Don haka a lura da bahaya har wata 3, in guntaye sun dawo a koma likita.

Rigakafi

1. Tsire da balangun kasuwa, ko a Dole, ko Tanut, ko Bakin Birji, a tsaga a duba. In da ja a ciki, a maida shi wuta.
2. Shanya nama a rana kaɗai ba abin dogaro ba ne, kilishi sai an gasa.
3. A sayi naman kwata mai tambarin ma'aikatan kiwo.
4. A gina salga. A daji, a tona rami nesa da ruwa, a rufe.

Ku sani fa, saniya ba ta ɗaukar wannan cuta daga ƴar uwarta, daga mutum ta ke ɗauka. Kuma in an ga ƙwayoyin sun yi yawa a kwata, ana hana saida naman, asara ta hau kan mai shi.