Abin da Ke Faruwa Idan An Girgiza Tsaba

Na shirya wannan darasi ne domin 'yan'uwana ɗalibai waɗanda za su fita koyon koyarwa. Kayan aikinsa ba wuya, sai kwalba mai faɗin baki, da gero, da ƙwayar gyaɗa guda.

A sa gyaɗar a gindin kwalba, a zuba gero bisanta kamar inci uku, sa'an nan a ba yaro ya riƙa girgiza kwalbar sama da ƙasa. Ba da jimawa ba gyaɗar za ta ɓullo a sama. Da na gwada wannan da yaran Sorau, wani ya ce ai iska ce ta ɗaga ta. Kada malami ya yi saurin ba da amsa. Ya tambaye su tukuna abin da ya sa mudun dawa yakan ragu idan mai saye ya jijjiga shi a kasuwa.

Dalilin duka guda ne. Kowace girgiza takan buɗe 'yan ramuka tsakanin tsaba. Ƙananan ƙwayoyi sukan faɗa ciki, amma babba ba ta samun ramin da zai ɗauke ta, sai ƙananan su shige ƙarƙashinta, su yi ta tura ta sama. Abin lura shi ne, faɗuwar nan ba ta yiwuwa sai da ƙarfin da ƙasa ke jan kowane abu da shi.

To, yaya ke nan a inda ƙarfin nan ya yi kaɗan? A Wata kashi ɗaya ne cikin 6 na namu. Masana sukan gwada wannan cikin jirgin sama wanda yakan hau ya gangaro, nauyin abin da ke cikinsa ya ragu na 'yan daƙiƙoƙi. A 2013 waɗansu masanan Jamus suka ba da labarin cewa babbar ƙwaya takan hau duk da haka, amma a hankali ƙwarai. Tun 1999 kuma waɗansu na Faransa suka nuna cewa idan nauyi ya ɓace kusan ɗungum, tsaba kuwa tana da yawa, sai ta dunƙule wuri guda maimakon ta watsu.

Kada a zaci wasan yara ne. A 2005 kumbon Japan mai suna Hayabusa ya isa Itokawa, wani dutse mai yawo a sararin sama, tsawonsa kamar sulusin mil. Aka tarar manyan duwatsu a gefe guda, ƙananan tsakuwa sun taru a nasu wuri. Masana suna ganin girgizar da yakan sha idan waɗansu duwatsu suka buge shi ce ta rarrabe su. A 2020 kuma kumbon Amurka ya taɓa wani irinsa, Bennu, sai hannunsa ya nutse wajen ƙafa ɗaya da rabi, gama babu nauyin da zai danne tsakuwar. Ba don ya yi maza ya ja da baya ba, da ya ci gaba da nutsewa, aikin shekaru ya shiga haɗari.

Aikin yara: su sake gwaji da wake, da tsakuwa, da yashi, su ƙirga girgiza nawa kowanne ya ɗauka kafin ya fito, su rubuta a littafinsu.