Yadda ake kwance ƙafafun gaba na tsohon babur

Ƴan'uwa manoma, babur ya zama jakin zamani a karkararmu. Shi ke kai albasar Galmi bakin hanya, shi ke ɗauko taki daga kasuwa, shi ne kuma ke kai mai naƙuda gidan likita da tsakar dare. Amma hanyoyinmu na marmara da ramu suna gajiyar da ƙafafunsa na gaba, waɗanda wasu makanikai ke kira furshi, wasu kuwa shokozoba. Darasinmu na yau zai nuna yadda za mu kwance su ba tare da mun ji ciwo ko mun ɓata kaya ba.

Yadda aka ƙera su

Ƙafafun biyu ne. Kowace tana da bututu mai ƙyalli wanda ke shiga cikin wani bututu mai kauri. A ciki akwai sifirin da mai, a baki kuma akwai zoben roba mai hana mai fita. Maƙalai biyu ne ke riƙe da su a wuyan babur, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Haka Honda CG125 yake, wanda aka fara ƙerawa a 1975, haka kuma baburan ƙasar Sin da yawa da suka bi ƙirarsa.

Yaushe ya kamata a kwance su?

Idan mun ga mai yana tsatsowa a jikin bututu, ko gaba yana nutsewa da ƙara in an kama birki, ko babur yana ja gefe guda bayan faɗuwa, to lokaci ya yi. Kada mu yi jinkiri, domin man da ke zuba yana iya gangarawa cikin birki. Birkin da ya sha mai ba ya kamawa.

Kayan aiki

Sufana lamba 10, 12, 14, 17 da 19, da filaya, da kananzir kaɗan, da tsumma, da gwangwani, da kututturen itace, da tire na ajiye notuna. Mu nemi mutum guda ya taimake mu.

Matakan aiki

1. Mu wanke gaban babur, mu kafa shi bisa matokarinsa na tsakiya a ƙasa mai tauri. Rairayi yana nutsewa, babur ya faɗo wa mutum.

2. Tun taya tana ƙasa, mu zare ɗan ƙarfen da ke kulle notin tsakiyar taya, mu sassauta notin. Mu sassauta babban notin da ke bisa kan kowace ƙafa, amma kada mu cire shi tukuna. In maƙalin sama yana da notin matsewa a gefe, shi za mu fara saki. Wanda ya bar notin kai sai ƙafa ta fito, zai tarar bututu yana juyawa a hannunsa, noti ya ƙi kwantuwa.

3. Mu tokare ƙarƙashin inji da kututture, mu aza buhun hatsi a baya, har tayar gaba ta bar ƙasa.

4. Mu cire wayar birki da wayar agogon gudu. Mu zare ƙarfen da ya ratsa tsakiyar taya, mu fitar da taya. Ƙananan zobban da ke gefenta mu jera su yadda suka fito, na dama dabam, na hagu dabam.

5. Mu cire murfin taya mai tare laka.

6. Mu sa alama a jikin bututu daidai bakin maƙali, don mu san inda zai koma.

7. A wasu tsofaffin babura, notin kai shi ne ke ɗaure bututu da maƙalin sama. A nan sai mu cire shi. Sannan mu saki notin maƙalin ƙasa, hannu guda yana riƙe da ƙafar. Mu murɗa ta, muna ja ƙasa sannu a hankali. Mu gama da ɗaya kafin mu taɓa ta biyu.

In tsatsa ta kama, mu ɗiga kananzir, mu dakata. Kada mu bugi bututu mai ƙyalli da guduma, kada mu kama shi da filaya. Ƙaramin tabo ya isa ya yage sabon zoben roba.

Mu kiyaye lafiyarmu

Sifirin a danne yake. Sa'ad da muke cire notin kai, mu danna shi da tafin hannu, mu kau da fuska, domin yana iya tsalle ya fasa ido. Ƙurar cikin birki kada mu hura ta da baki: tsofaffin takalman birki da dama suna ɗauke da asbesto, wanda ke lalata huhu. Mu share ta da jiƙaƙƙen tsumma. Tsohon mai mu tsiyaye shi a gwangwani mai murfi, nesa da rijiya, da garka, da hannun yara. Ba maganin miki ba ne, ko ga mutum ko ga dabba.

Kafin a mayar

Mu zare bututu mai ƙyalli, mu mirgina shi bisa gilashi ko tebur mai laushi. In yana ɗagawa yana sauka, ya lanƙwashe. Canja shi ya fi gasa shi a wuta, domin wuta tana rage ƙarfinsa, wata rana ya karye ana cikin gudu. Mu sa sabon zoben roba, mu auna mai daidai wa daida a ƙafafun biyu, gwargwadon abin da littafin babur ya faɗa. Mu mayar da komi daga matakin ƙarshe zuwa na farko, mu kulle notin taya da sabon ɗan ƙarfe. Sa'an nan mu gwada birki a fili, kafin mu ɗauki mutum ko kaya.

Tambayoyi don aji

1. Don me ake sassauta notin kai tun ƙafa tana maƙale?
2. Mene ne haɗarin man da ya shiga birki?
3. Ina ya dace a ajiye tsohon mai?