Yadda Ake Haɗa Babur Daga Kwali

Mafi yawan baburan da ke zirga-zirga tsakanin Bana da Gaya a Nijar, ko masu zuwa Bengu da Tunuga, ko masu ƙetarawa Kamba ta jihar Kebbi, ba a kan tayoyinsu suka baro ƙasar Sin ko Indiya ba. A cikin kwali suka zo, gunduwa-gunduwa: inji daban, shasi daban, tanki a naɗe cikin leda, kusoshi da notuna a ƙananan jakunkuna. Wani ne ya zauna a ƙarƙashin rumfa ya mayar da tarin ƙarafan nan abin hawa. Shi ya sa za ka ga babura biyu na kamfani ɗaya, an saye su rana ɗaya, amma ɗaya ya daɗe yana ɗaukar rake da rogo zuwa kasuwa lafiya lau, ɗayan kuwa tun damina ba ta fita ba ya fara ƙara ta ko'ina. Mutane sukan ce sa'a ce. Ni a ganina, sau da yawa hannun da ya haɗa ne.

Dalilin kawo su a wargaje ba ɓoyayye ba ne. Kwantena tana cin babura da yawa idan a kwali suke, kuma a Najeriya kuɗin fiton abin da za a haɗa a cikin ƙasa bai kai na wanda ya zo a haɗe ba. Da wannan tsari kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara aiki a 1975, ana kawo sassa daga Faransa, ma'aikata suna haɗa motoci irin su 504. A Ingila ma, a 1957 Colin Chapman ya fito da ƙaramar motar tsere mai suna Lotus Seven, ana sayar da ita a wargaje mutum ya haɗa a gidansa don ya kauce wa harajin da ke kan sabuwar mota. Kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973, kuma har yau yana aika wa masu sha'awa akwatunanta. Can abin nishaɗi ne, mutum ya yi watanni a garejinsa yana lallaɓa mota. A nan kuwa abin neman abinci ne, ɗan kabu-kabu yana tsaye a kan makanike yana so ya hau kafin la'asar. Wannan gaggawar ita ce babbar abokiyar gabar aikin.

Kafin a yanke igiyar kwali, takarda ake fara dubawa. Akwai lamba a buge a wuyan shasi, akwai wata a jikin inji ta ƙasa. Dole su yi daidai da abin da ke rubuce a rasit da takardar duwan, harafi da harafi. Wanda ke zaune a wuri kamar Bana, inda Benin da Najeriya suke kusa kuma shingen jami'ai ba ya yankewa a hanya, ya san abin da kuskuren lamba ɗaya yake jawowa. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta Benin, kayan da a da suke tahowa kai tsaye daga tashar Kwatano sun koma bin hanyoyi dabam-dabam, suna ratsa hannaye da yawa, don haka duba takarda ya ƙara zama wajibi. In lamba ba ta dace ba, a mayar da kwalin tun ba a taɓa komai ba.

Sai a share wuri mai inuwa, a shimfiɗa tabarma ko buhu. Ba a haɗa babur a kan yashi tsirara, domin ƙwayar yashi ɗaya a cikin boris ta isa ta ci shi. A fito da kaya a jera su, a zuba kusoshi a kwano biyu ko uku bisa girmansu, a ƙirga da littafin da ya zo a cikin kwalin in akwai. Kayan aikin ba su da yawa: sifanu masu lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19, sukudireba mai baki ɗaya da mai kuros, filaya, gudumar roba, gwangwanin giris, da tsumma mai tsabta. A duba tanki ko ya lotsa a hanya, a duba gilashin fitila. Bayan an haɗa, ba mai yarda cewa haka abin ya zo.

Ana farawa da shasi. A ɗaura masa jakin tsakiya da sifirin ɗinsa don ya tsaya da ƙafarsa, daga nan komai a kansa zai hau. Aiki na gaba shi ne wuya, inda kan babur yake juyawa, kuma a nan ne nake so mai babur ya matso ya zuba ido. A yawancin waɗannan babura ƙananan ƙwallayen ƙarfe ne suke zama a cikin kofi biyu, sama da ƙasa. Ana cika kofin da giris, a jera ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya, a zura sandar wuya a hankali, a ɗaure notin sama. Yaron shago mai sauri yakan shafa giris kaɗan kamar yana rowa, ko ƙwallo ɗaya ya faɗi ya ɓace a ƙasa ya yi shiru bai gaya wa maigidansa ba. Ba wanda zai gani ranar. Sai bayan watanni, kai ya fara kamewa a tsakiya ko yana ƙwanƙwasa duk lokacin da aka taka rami. Ɗaurin da ya dace shi ne kai ya faɗi dama ko hagu da kansa idan an ɗan tura shi, amma in ka kama ƙafafun gaba ka jijjiga, ka ji babu wasa ko kaɗan.

Daga nan a zura ƙafafun gaba guda biyu, a tabbatar tsayinsu ɗaya kafin a matse. A baya kuma a sa hannun da ke riƙe taya, a shafa wa doguwar kusarsa giris, a rataya shakazoba biyu.

Ɗora inji aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya tallabe shi daga ƙasa, ɗaya ya zura kusoshi. Ƙa'idar ita ce kada a matse ko ɗaya sai dukkansu sun shiga ramukansu. Wanda ya ɗaure ta farko tam zai ga ta ƙarshe ta ƙi shiga, sai ya ɗauko guduma, kuma injin da aka tilasta wa zama a karkace girgiza zai yi ta yi har ya tsage mazauninsa. In duk sun shiga, sai a bi su ana matsewa kaɗan-kaɗan, a zagayo, a sake zagayowa. Shi kansa injin a rufe yake zuwa daga masana'anta, ba a buɗe shi. Da yawa daga injinan Sin masu ƙarfin 125 sun gaji fasalin Honda CG125, wanda aka ƙera a tsakiyar shekarun 1970 musamman don ƙasashen da ba a cika kula da canjin mai a kan lokaci ba, shi ya sa suke da haƙuri. Haojue kuwa da Suzuki yake da alaƙa, Boxer na kamfanin Bajaj ne na Indiya, kuma kowanne da ɗan bambancinsa a wurin kusoshi da wayoyi.

Tayar baya tana shiga tare da farantin birki da mai haƙoran da sarƙa ke hawa. Akwai ƙananan bututun ƙarfe da ke zama tsakanin taya da hannu a kowane gefe, kuma ba tsawonsu ɗaya ba. In aka musanya su, taya za ta zauna a gefe. Ana zagaya sarƙa a haɗa bakinta da ɗan makulli mai kama da ƙaramin cokali mai yatsu biyu, kuma rufaffen kansa ne yake fuskantar inda sarƙa take tafiya. In aka juya shi, wata rana zai fizge a kan hanya, sarƙa ta zube, in an yi rashin sa'a ta naɗe taya. Sarƙa ba ta son ɗauri tam: a tsakiyarta ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3. A gefen hannun akwai zane-zane, a daidaita dama da hagu a kan zane ɗaya don tayar baya ta bi sawun ta gaba.

Tayar gaba ta fi sauƙi, amma tana da tarko ɗaya. A jikin farantin birki akwai tsaga, a jikin ƙafar gaba akwai ɗan tudu, dole tudun ya shiga tsagar. Idan bai shiga ba, ranar da aka damƙe birki farantin zai juya tare da taya ya tsinke waya. A duba wannan da ido, kada a ce ai ya shiga.

Sai kan babur, da hannun kuloci da na birki da totur. Wayoyinsu suna da hanyar da aka tsara musu a jikin shasi, ba a lanƙwasa su sosai, ba a bari tanki ya danne su. Gwajin da ya fi kowanne amfani shi ne a juya kai har ƙarshen dama, a juya har ƙarshen hagu, a murɗa totur a saki. Ya koma da kansa nan take a kowane gefe. Totur da ke maƙalewa idan an karya kwana ya jefa mutane da yawa cikin rami. Hannun kuloci kuma a bar masa ɗan wasa kamar santimita 1 zuwa 2 a bakinsa kafin ya fara ja.

Wayoyin lantarki su ne suke tsorata sabon shiga, alhali launi ne kawai ake bi, kowane launi da ɗan'uwansa. A baburan da suka bi tsarin Honda, kore shi ne na ƙasa, ja daga batir yake fitowa, baƙi yana samun wuta idan an murɗa makulli, ruwan lemo na siginar hagu, shuɗi mai haske na ta dama. Wasu kamfanoni launinsu dabam, don haka a duba zanen da ke littafi. Yawancin mahaɗan a cikin kwanon fitilar gaba suke taruwa. A tura kowanne har ya kama, a ja shi kaɗan a ji ko zai fita. Gaya tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duk Nijar, kuma wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda ba ta kai ƙarshen Agusta. A ɗaure tarin wayoyin a jikin shasi nesa da salansa da kan inji.

Salansa tana da zoben da ke zama a bakin inji, a tabbatar yana nan, a matse notunanta biyu bi da bi. Kafireta da akwatin iska su haɗu ba tare da kafa ba, domin duk iskar da ta shiga ta gefe da ƙura take shiga. Idan matatar iskar soso ce, a ɗan jiƙa ta da baƙin mai a matse. Sai madigadi, tanki, tiyon fetur, kujera, madubai.

Batir yakan zo a bushe da ruwansa a gora. Ruwan nan asid ne, yana cin tufa yana ƙona fata, a nisanta yara. A zuba shi zuwa layin sama, a bar batir ya huta kamar rabin awa, in da hali a yi masa caji kafin a ɗaura. Wayar ja ake fara ɗaurawa, sannan ta ƙasa.

Yanzu babur ya tsaya kamar a hau, kuma a daidai nan ne mai shi yake ƙagara. A dakata a ciro ma'aunin baƙin mai. Wani injin yana zuwa da ɗan mai kaɗan na gwajin masana'anta, wani kusan a bushe. Ni dai shawarata a zubar da wanda ya zo da shi a zuba sabo mai kyau, kusan lita ɗaya yake ci, a auna babur yana tsaye daidai a kan jaki. Fetur kuma, tunda a ƙauyukanmu na kwalba aka fi samu, a tace shi da kyalle mai tsabta. A buɗe makunnin mai, a ja cok, a taka kik sau da yawa makulli yana kashe don mai ya zagaya, sannan a kunna. In ya tashi a bar shi yana aiki a hankali na 'yan mintuna. Al'adar nan ta murɗa totur har ƙarshe don jama'a su ji sabon babur ya zo, cutar inji ce tsantsa. A saurara, a leƙa ƙasa ko wani abu yana ɗiga, a gwada fitila da sigina da ham da fitilar birki. A auna iskar taya da ma'auni, a bi sifokin wili ɗaya-ɗaya ana ƙwanƙwasawa da sifana, wanda ya yi sako-sako ƙararsa dabam take.

Gwajin farko makanike ne ya kamata ya yi shi, shi kaɗai, da hular kwano, a fili. Ya taka birkin baya, ya damƙi na gaba, ya shiga kowace giya, ya ji ko babur yana ja gefe ɗaya. Ya dawo ya sake bin kusoshin taya biyu, na inji, na kai da na birki, ya tabbatar an sa ƙananan filolin da ke hana noti kwancewa an kuma buɗe ƙafafunsu.

Aikin bai ƙare ranar ba. A kilomita 500 na farko fistin da zobbansa suna goge jikinsu ne suna neman mazauni, don haka ba a gudu sosai, ba a ɗora buhu uku da mutum biyu, ba a doguwar tafiya cikin zafin rana ba hutu. Na san wannan yana da wuya ga wanda ya ci bashi ya sayi babur yana so ya fara biya, amma makonnin nan su ne suke yanke tsawon ran injin. Idan an cika su a koma wurin wanda ya haɗa, a zubar da mai tun yana da ɗumi, za a ga ɗan ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki. A zuba sabo, a daidaita bawul inji yana sanyi, a ja sarƙa domin sabuwa takan saki, a sake bin kowane noti. Mai bin hanyoyin yashi na kwarin Foga kuma ya riƙa wanke matatar iska akai-akai, musamman da hunturu, ya kuma ɗauraye ƙasan babur duk lokacin da ya ratsa ruwan fadama mai gishiri, don tsatsa daga nan take farawa.